Yaro Mai Numfashi da Baki: Abin da Ya Haɗa Hanci, Maƙogwaro da Muƙamuƙi

Duk wanda ya zauna a Jos ya san abin da hunturu ke yi wa hanci. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin dare da busasshiyar iska da ƙura sukan haɗu, mura ta shiga gida-gida, yara su kwana baki buɗe saboda hanci ya toshe. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin da zarar murar ta wuce baki yakan koma ya rufe. Yaron da nake son yin magana a kansa daban ne. Shi bakinsa a buɗe yake rani da damina, a farke da cikin barci, har iyayensa da malamansa sun gaji da ce masa “rufe bakinka kada ƙuda ya shiga.” Idan ya rufe, bayan ɗan lokaci sai ya sake buɗewa, kuma dalilin ba taurin kai ba ne, iskar da hancinsa ke ba shi ce ba ta isarsa.

Irin waɗannan yara sukan iso mana asibitin haƙori suna da shekara goma zuwa sha uku, kuma da wuya a ce numfashi ne ya kawo su. Abin da uwa kan ce shi ne, “Likita, haƙoransa ne suka fito waje, muna so a sa masa waya.” Kafin in ce komai game da waya nakan tambaye ta, “Hajiya, yaya barcinsa yake? Yana minshari?” Sau da yawa tambayar takan ba ta mamaki, domin ba ta ga abin da ya haɗa minshari da haƙori ba. Ra'ayina, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa bai kamata a taɓa haƙoran yaro mai numfashi da baki ba sai an san abin da ke cikin hancinsa da maƙogwaronsa, domin waɗannan gaɓoɓi uku tare suke girma, kuma kowannensu yana shafar ɗan'uwansa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne rufin baki da daɓen hanci ƙashi ɗaya ne. Idan mutum ya ɗaga harshensa ya taɓa ganɗa, wato sashen rufin baki mai tauri, to abin da ke saman wannan ƙashi kai tsaye shi ne kogon hanci. Muƙamuƙin sama, wanda haƙoran sama ke ciki, ɓari biyu ne, na dama da na hagu, da suka haɗu a wata mahaɗa da ta ratsa tsakiyar ganɗa daga gaba zuwa baya, kuma a ƙuruciya wannan mahaɗa ba ta ƙafe ba, ta nan ne ƙashin ke ƙara faɗi. Ke nan idan muƙamuƙin sama ya tashi a tsuke, daɓen hanci ma a tsuke zai kasance.

Idan mutum yana numfashi da hanci kuma bakinsa a rufe, harshe yakan kwanta a jikin ganɗa, ya cika tsakanin haƙoran sama, yayin da tsokar kumatu ke danna haƙoran daga waje. Lamarin ya yi kama da aikin maginiyar tukwane, wadda ke sa hannu ɗaya a cikin ɗanyar tukunya tana buɗa ta, ɗaya hannun kuma yana tallafe da ita daga waje; idan ta janye hannun ciki ta bar na waje kaɗai, tukunyar za ta tsuke. Abin da ke faruwa ke nan idan hanci ya toshe. Don iska ta samu hanya ta baki, dole muƙamuƙin ƙasa ya sauka, harshe ya bar ganɗa ya kwanta a ƙasan baki, sau da yawa kuma yaron ya ɗan ɗaga kansa baya ba tare da ya sani ba. Ƙarfin da kumatu ke sawa kaɗan ne ƙwarai, amma haƙori da ƙashi ba su cika kula da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci ba, abin da ke motsa su shi ne ƙarfi kaɗan da ya daɗe. William Proffit, wanda ya yi fice a wannan fanni a Amurka, ya bayyana cewa ƙarfi yana buƙatar kimanin awa 6 a rana kafin ya motsa haƙori. Yaron da ke kwana baki buɗe yana wuce wannan adadi kowane dare, shekara da shekaru, a daidai lokacin da fuskarsa ke girma.

Siffar da kan biyo baya sananniya ce ga duk mai aikin daidaita haƙora. Jeren haƙoran sama yakan tsuke ya yi tsini a gaba maimakon ya zagaya, ganɗa ta yi zurfi, turamen sama su faɗa cikin na ƙasa alhali su ya kamata su lulluɓe su daga waje. Tun da baki ba ya rufewa, turame sukan samu damar ƙara fitowa, wannan kuma ya tura muƙamuƙin ƙasa ya juya ƙasa da baya, sai fuska ta yi tsawo daga hanci zuwa haɓa, haɓar ta koma ciki, haƙoran gaba na sama su zama kamar sun yi gaba da yawa. A wasu yaran haƙoran gaba na sama da na ƙasa ba sa ma haɗuwa ko da turame sun cije. Leɓen sama yakan zama gajere, na ƙasa ya saki, kuma idan aka ce yaron ya rufe baki za a ga tsokar haɓarsa ta tattare saboda ƙoƙarin da yake yi.

To, me ke toshe hancin? A yara, abin da ya fi yawa shi ne kumburin wani nama da ake kira adinoyid. Wannan nama yana can bayan hanci, a saman maƙogwaro, sama da hanɗa, wato sashen rufin baki mai taushi wanda belu ke rataye a ƙarshensa. Danginsa ɗaya da tonsil guda biyu da ake gani dama da hagu idan an wangale baki, dukkansu cikin rundunar garkuwar jiki suke, sun kewaye mashigar iska da abinci, kuma masanin ƙirar jiki ɗan Jamus Wilhelm von Waldeyer ne ya bayyana wannan kewaye a 1884. Bambancin shi ne adinoyid ba ya ganuwa ta baki. Yakan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, lokacin da sararin da yake ciki bai gama buɗewa ba, sannan ya fara raguwa idan yaro ya doshi balaga. Likitan da ya fara bayyana cutarwar kumburinsa tare da cire shi da tiyata shi ne Wilhelm Meyer na ƙasar Denmak, a 1868. Bayan adinoyid akwai alajin hanci, wanda ƙura da hayaƙin itace da na maganin sauro ke tayarwa, akwai karkacewar bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, akwai kuma tonsil da suka kumbura har suka kusa haɗuwa a tsakiya.

A nan zan ɗan tsaya a kan belu, domin a wurinmu shi ake fara zargi. Idan yaro yana minshari, ko yana yawan ciwon wuya, ko ba ya cin abinci sosai, akwai gidajen da har yanzu wanzami za a fara kira ya cire belu. Ba na raina wanzamai, sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, amma ƙirar jiki ba ta goyi bayan wannan aiki ba. Belu yana ƙasa, abin da ya toshe hanyar yana sama da shi a bayan hanɗa, inda aska ba ta kaiwa kuma ido ba ya gani. An cire naman da ke da amfani wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, an bar wanda ke da laifin, an kuma jefa yaron cikin haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, har da cutar sarƙewar haƙora (tetanus) da ciwon hanta idan kayan aikin ba su da tsabta. Nakan ga yara masu shekara goma sha biyu da babu belu a bakinsu, kuma minsharin da aka cire shi dominsa yana nan bai tafi ko'ina ba.

Sai dai kuma maganar ba ta tsaya a kan cewa toshewar hanci ce ke ɓata muƙamuƙi ba, domin alaƙar tana tafiya ta ɓangarori biyu, kuma wannan ne sashen da ya fi muhimmanci a wurina. Maƙogwaro, daga bayan hanci zuwa saman akwatin murya, bututu ne na tsoka. Ba shi da zobban guringuntsi irin na bututun iskar da ke gangarawa huhu, saboda haka abin da ke riƙe shi a buɗe shi ne tsokoki da ƙasusuwan da ke gabansa. Bangonsa na gaba kuwa hanɗa ce da gindin harshe. Babbar tsokar da ke jan harshe gaba tana manne ne a cikin ƙashin haɓa ta ciki, sannan akwai wani ƙaramin ƙashi mai siffar takalmin doki a ƙarƙashin harshe, a saman wuya, wanda ba shi da mahaɗa da kowane ƙashi, tsokoki ne kawai suka rataye shi tsakanin muƙamuƙi da ƙoƙon kai da ƙirji. Idan muƙamuƙin ƙasa ƙarami ne ko ya koma baya, gindin harshe yakan bi shi baya, sararin da ke bayansa ya ragu. A farke tsokoki suna aiki suna buɗa hanyar, amma a cikin barci sukan saki, sai iska ta riƙa kaɗa naman tana ƙara, wanda shi ne minshari, wani lokaci kuma hanyar ta rufe gaba ɗaya na wasu daƙiƙoƙi. Misali mafi tsanani shi ne jariran da ake haifa da ɗan ƙaramin muƙamuƙi har harshe ya faɗa baya ya toshe numfashi, yanayin da likitan Faransa Pierre Robin ya bayyana a 1923. A irin wannan hali muƙamuƙi ne ya fara, numfashi ya biyo baya. Sau da yawa kuma yaro yakan gaji doguwar fuska da tsukakken muƙamuƙi daga iyayensa, ta yadda ɗan kumburin da wani yaro ba zai ji ba shi ya isa ya toshe shi.

Masu bincike sun daɗe suna ƙoƙarin gane wanne ne ke fara jawo wani. A ƙasar Suwidin, Sten Linder-Aronson ya wallafa aikinsa a 1970 a kan yara masu kumburin adinoyid, inda ya nuna cewa sun fi takwarorinsu tsawon fuska da tsukewar muƙamuƙin sama, daga baya kuma da ya bibiye su bayan tiyata, ya ga cewa a cikin waɗanda suka koma numfashi da hanci girman muƙamuƙin ƙasa ya karkata zuwa gaba fiye da dā. A Amurka, Egil Harvold da abokan aikinsa sun toshe hancin ƙananan birai don tilasta musu numfashi da baki, suka wallafa sakamakon a 1981. Haƙora da fuskokin biran sun canja, amma ba iri ɗaya ba, domin kowane biri ya nemo tasa dabarar samun iska, wani ya saukar da muƙamuƙi, wani ya turo harshe gaba, kuma siffar da ta fito ta bi dabarar da ya ɗauka. Wannan ya nuna cewa iskar kanta ba ita ke sassaƙa ƙashi ba, yadda aka ajiye harshe da muƙamuƙi da kai ne ke yin aikin. Beni Solow da Sven Kreiborg na Denmak sun ƙara da cewa, a 1977, ɗaga kai baya don buɗa hanyar iska yana miƙar da fata da tsokar fuska, su kuma su riƙe ƙashin daga girma zuwa gaba.

Duk da haka, wajibi ne a faɗi iyakar abin da aka tabbatar. A 1998 Katherine Vig ta bi hujjojin da ake da su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa ba su kai ƙarfin da likitoci da yawa ke ɗauka ba. Biri da aka toshe wa hanci gaba ɗaya ba daidai yake da yaron da hancinsa ya toshe rabi ba. Yawancin mutane suna haɗa hanci da baki wajen numfashi gwargwadon hali, akwai masu doguwar fuska da ke numfashi da hanci lafiya lau, akwai kuma masu numfashi da baki da fuskarsu ba ta nuna komai ba. Hasali ma, buɗewar leɓɓa kaɗai ba shaida ba ce, domin yaro na iya barin leɓɓansa a buɗe alhali harshensa ya rufe hanyar baki ta baya, iska tana bi ta hanci. Wannan yana da muhimmanci a gare mu musamman, saboda a cikin 'yan Afirka da yawa haƙoran gaba na sama da na ƙasa sukan ɗan karkata waje bisa halitta, kuma ma'aunan da ke cikin littattafan wannan fanni an fara ɗaukarsu ne daga fuskokin Turawa. Likitan da ya auna yaron Unguwar Rogo ko Gangare da ma'aunin Bature ba tare da lura ba zai ga ciwo inda babu shi. Abin da nake ɗauka a matsayin gaskiya shi ne cewa gado ne ke da kaso mafi girma a siffar fuska, numfashi da baki kuma yana iya ƙara tsananta abin da aka gada, musamman idan toshewar ta yi tsanani kuma ta daɗe a shekarun girma.

Wani zai ce, idan hujjar canjin fuska ba ta da ƙarfi haka, me ya sa nake matsawa a duba hanci? Dalili shi ne illar ba ta tsaya a fuska ba. Hanci yana tace iska, yana ɗumama ta, yana jiƙa ta kafin ta isa huhu, baki kuwa ba ya yin waɗannan yadda ya kamata. Yaron da ke kwana baki buɗe yawunsa yakan bushe, alhali yawu ne ke wanke haƙora yana kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, shi ya sa dasashin haƙoransa na gaba kan yi ja ya kumbura, yana jini idan an goge, bakinsa kuma yana wari da safe. Idan aka ɗora waya a kan irin wannan baki, datti ya samu ƙarin maɓoya, to kumburin zai ƙaru, kuma ranar cire wayar za a iya tarar da fararen tabo a jikin haƙora inda ruɓewa ta fara. Bugu da ƙari, haƙoran da aka jera aka bar harshe a ƙasa da baki a buɗe suna da saurin komawa inda suka fito, iyaye su yi asarar kuɗi mai yawa da shekara biyu ta zirga-zirga.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne barci da ji. Kimanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na yara suna fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci saboda toshewar hanya. Irin wannan yaro yakan yi minshari kusan kowane dare, numfashinsa ya tsaya sannan ya ja shi da ƙarfi, ya yi ta juyi, ya yi gumi ko da a sanyin Disamba, ya kwanta wuya a miƙe baya, wani ma ya ci gaba da fitsarin kwance bayan sa'anninsa sun daina. Babba idan bai samu barci ba yakan yi gyangyaɗi, amma yaro sau da yawa akasin haka yake nunawa, ya kasa zama wuri ɗaya, ya kasa tattara hankali a aji. Adinoyid kuma yana daf da bakin wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, idan ya toshe ta ruwa yakan taru a kunnen, ji ya ragu ba tare da ciwo ba. Sai a haɗa yaro mai sakakken baki, wanda ba ya amsawa da wuri idan an kira shi, wanda karatunsa ke baya, a yanke masa hukuncin daƙiƙanci a makarantar boko da ta allo. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na san da yawa daga cikinsu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, iska da barci da ji ne ba su samu ba. Iyayen masu cutar sikila su ƙara sa ido, saboda kumburin adinoyid da tonsil da ɗaukewar numfashi a barci sun fi yawa a cikin waɗannan yara, kuma raguwar iskar oksijin da dare ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Su ma muƙamuƙinsu na sama yakan yi gaba, amma saboda wani dalili daban, wato yawan aikin da ɓargo ke yi wajen ƙera jini.

Akwai abubuwan da uwa ko uba za su iya lura da su a gida. A saurari muryar yaron: wanda bayan hancinsa ya toshe yakan yi magana kamar mai mura kullum, idan ya ce “mama” sai a ji kamar “baba” ya ce. A duba matashinsa da safe ko akwai dalalar yawu. A ba shi ruwa ya guntsa ya rufe baki na minti uku, a ga ko zai iya ba tare da wahala ba. Mafi amfani kuma shi ne a ɗauki bidiyonsa da wayar hannu cikin dare, lokacin da barci ya yi nisa, ta yadda za a ga fuskarsa da ƙirjinsa kuma a ji ƙarar numfashinsa, a kai wa likita.

A ɓangarenmu, kusan duk mai neman a daidaita masa haƙora akan ɗauke shi hoton eksire na kai daga gefe, dabarar da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka fito da ita a shekara ɗaya, 1931. A wannan hoto ana ganin inuwar adinoyid da hanɗa da gindin harshe da ƙaramin ƙashin nan na wuya, kuma James McNamara ya nuna a 1984 cewa idan faɗin hanyar iska a bayan hanɗa bai wuce milimita 5 ba, to akwai alamar toshewa. Amma hoton shafaffe ne, ba ya nuna faɗin hanyar daga dama zuwa hagu, kuma an ɗauke shi ne yaron yana farke, a tsaye, cikin ƙiftawar ido, alhali matsalar a kwance take faruwa cikin barci. Ko hoton CBCT, wani irin eksire mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, yana da wannan rauni, ga shi kuma da ƙarin haske mai illa, don haka ban ga dacewar a ɗauke shi don kallon hanyar iska kawai ba. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke da hanyar ganin abin ido da ido, da wata siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci, gwajin barci na dare guda kuma shi ke tabbatar da ɗaukewar numfashi, ko da yake ba ko'ina ake samunsa a ƙasar nan ba. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta faɗi matsayinta a 2019, cewa aikinmu shi ne mu lura mu tura, tabbatar da cutar kuwa aikin likitan jiki ne. A Jos akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a Abuja kuma akwai a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Ba kowane yaro ne ke buƙatar tiyata ba. Idan alaji ne, wanke hanci da ruwan gishiri na asibiti da maganin fesawa mai sitiroyid da likita ya rubuta sukan yi aiki, har su rage kumburin adinoyid da bai yi tsanani ba, tare da nisantar da yaron daga hayaƙi. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take da ake saya a kyamis kuwa bai kamata ya wuce 'yan kwanaki ba, domin idan an daɗe ana amfani da shi toshewar takan dawo fiye da dā. Game da tiyata, an yi wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2013, a kan yara 464 masu shekara 5 zuwa 9 da ke da ɗaukewar numfashi a barci. An cire wa rabi adinoyid da tonsil, aka sa ido a kan rabi. Bayan wata 7, gwajin barci ya koma daidai a kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki, da kashi 46 na waɗanda ba a yi wa ba. Hali da jin daɗin rayuwa sun fi inganta a masu tiyata, amma gwajin tattara hankali bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Wato tiyata tana amfani sosai, amma ba ta warkar da kowa, wasu kuma suna samun sauƙi da kansu, shi ya sa hukuncin ya zama na likitan da ya duba yaron. Abin da ban yarda a yi shi don shi kaɗai ba shi ne a yanka yaro domin gyaran siffar fuska.

Bayan hanya ta buɗe sai aikinmu ya shigo. Idan muƙamuƙin sama a tsuke yake, akan sa wani ƙarfe mai sukuru a ganɗa, manne da turame, wanda uwa ko uba ke murɗawa sau ɗaya ko biyu a rana, kowace murɗa kimanin rubu'in milimita, har mahaɗar tsakiya ta buɗe. Emerson Angell ne ya fara bayyana wannan a 1860, Andrew Haas ya farfaɗo da shi a 1961. Cikin 'yan makonni wushirya takan bayyana tsakanin haƙoran gaba, alamar ƙashin ya rabu, sannan ta rufe da kanta, ƙarfen kuma ya zauna wasu watanni har sabon ƙashi ya cike gurbin. Tun da daɓen hanci ne ake buɗawa, yara da yawa sukan ji iska ta ƙaru, amma ana yin aikin ne idan tsukewar ta tabbata, kuma ba na yi wa iyaye alkawarin zai kawar da minshari. Ga mai ƙaramin muƙamuƙin ƙasa akwai na'urorin da ke riƙe shi gaba a lokacin saurin girma, irin Twin Block da William Clark ya ƙirƙira a Sikotland a 1977. Wasu yaran kuma, ko bayan hanci ya buɗe, sabo yakan sa su ci gaba da sakin baki, sai an koya musu ajiye harshe a ganɗa da haɗa leɓɓa. Liƙe baki da filasta lokacin barci, da ake yaɗawa a TikTok da Facebook, haɗari ne ga yaron da ba a san halin hancinsa ba, kada a gwada.

Lokaci yana da tasiri a duk wannan. Turamen farko na dindindin sukan fito wajen shekara 6, haƙoran gaba su biyo baya, shi ya sa ƙungiyar Amurka da na ambata ke ba da shawarar a fara kai yaro wurin likitan daidaita haƙora kafin ya wuce shekara 7, ko da ba za a sa masa komai ba a lokacin. Mahaɗar ganɗa tana ƙara sarƙewa a shekarun balaga, kuma bayan ta ƙafe buɗa ta yana buƙatar ƙananan sukurori da ake kafawa a ƙashi ko kuma tiyata. Adinoyid kansa yakan shanye a waɗannan shekaru, don haka matashi mai shekara goma sha bakwai na iya zuwa da hanci a buɗe, amma tsukewar muƙamuƙi da tsawon fuskar da suka samu tun yana ƙarami suna nan, kuma gyaransu a wannan shekaru ya fi tsada da wahala fiye da yadda zai kasance da an gan shi yana aji biyu na firamare.